Yaya za a auna ɗan feroksid ɗin da ke cikin ruwan Binuwai da na Lagdo?

Ɗaliba, Garwa:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwana. Ina binciken digiri na biyu a kan haidirojin feroksid, wato H2O2, wanda hasken rana ke haifarwa a cikin ruwan kogi da na tafki, kuma ina ɗebo samfurina daga Binuwai kusa da gadar Garwa da kuma madatsar Lagdo. Hanyoyi biyu nake da su, kuma kowace da amsar da take ba ni. Takardar gwaji, wadda ake tsomawa a ruwa ta koma shuɗiya, ba ta sauya launi ko kaɗan, amma idan na yi awo ta ɗigo da farmanganat sai lissafi ya nuna mini miligiram da dama a kowace lita. Abin da ke ɗakin gwajinmu shi ne na'urar auna haske mai kubet (ɗan gilashin da ake zuba samfuri a ciki haske ya ratsa) na santimita 1, da buret, da sikeli mai kyau, da firij wanda ba kullum yake samun wuta ba. Ba mu da na'urar auna ƙyalli. Wace amsa zan ɗauka, kuma wace hanya za ku ba ni shawarar in bi?

Tsohon malamin kimiyya, Marwa:
Wa alaikumus salam, ɗiyata. Kada ki ɗauki ko ɗaya, domin duka biyun ba su kai ga feroksid ɗin da kike nema ba. Bari mu fara da alƙalami kafin mu taɓa kwalba. Nauyin mol ɗaya na H2O2 giram 34 ne, saboda haka miligiram 1 a lita daidai yake da kimanin maikiromol 29 a lita. Abin da rana ke samarwa a saman kogi ko tafki yakan tsaya tsakanin gomman nanomol da 'yan ɗaruruwa, wani lokaci ya kai maikiromol 1, wato nanomol 1,000, ko ya ɗan zarce. Takardun gwaji irin su Quantofix da MQuant kuwa, alamarsu ta farko miligiram 0.5 ce a lita, wato kusan maikiromol 15. Takardar ba ta yi miki ƙarya ba, ta faɗi iyakar abin da take gani, cewa ruwanki bai kai rabin miligiram ba, kuma mun san haka tun kafin ki tsoma ta.

Farmanganat shi ne ya fi ruɗarwa, domin shi yana ba da lamba, kuma lamba tana da daɗin rubutawa a littafi. Ki ɗauka kina aiki da mai rauni sosai, mol 0.002 a lita. Ɗigo ɗaya daga buret kimanin mililita 0.05 ne, kuma tun da mol 2 na farmanganat ke cinye mol 5 na feroksid, wannan ɗigon kaɗai yana cinye maikiromol 0.25. Idan samfurinki mililita 100 ne, ɗigo ɗaya ya yi daidai da maikiromol 2.5 a lita, wato ya fi dukkan feroksid ɗin da ke cikin kwalbar. Sauran ɗigon da kika zuba sun tafi ne wajen ƙona ruɓaɓɓen ganye da dattin dabbobi da narkakken ƙarfe da nitirit, domin farmanganat ba ya zaɓe. Abin da kika yi kamar auna ƙwayar gero ne a sikelin buhunan auduga. Ki ajiye waɗannan lambobin, suna nuna yawan dattin halittu a ruwan, amma kada ki rubuta feroksid a kansu.

Ma'aikacin ɗakin gwajin ruwa, Injamena:
Allah ya ƙara wa Baba Malam lafiya, lissafin ya fita. Ni tambaya ɗaya zan yi wa ƙanwata kafin a shiga zancen sinadarai. Daga lokacin da kika cika kwalba a Lagdo zuwa lokacin da samfurin ya shiga na'ura, awa nawa ke wucewa, kuma a cikin me kike ɗauko shi?

Ɗaliba, Garwa:
Yaya, nakan ɗebi ruwan da hantsi a gorar roba, in dawo Garwa da la'asar tun da tafiyar ta fi kilomita 50, kuma idan babu wuta sai washegari nake yin awo.

Ma'aikacin ɗakin gwajin ruwa, Injamena:
To, ko da an ba ki na'urar da ta fi kowace tsada a duniya, da wannan tsarin ba za ki sami amsar da za ki iya karewa a gaban malamai ba. Feroksid ba kamar gishiri ba ne da zai zauna ya jira ki. Ƙwayoyin halittar da ke cikin ruwan suna ɗauke da enzim guda biyu, katalas da feroksidas, waɗanda aikinsu ke nan su rusa shi, kuma a ruwan kogi mai ɗumi rabinsa kan tafi cikin awanni. Idan akwai narkakken ƙarfe, shi ma yana cinye shi ta hanyar da Fenton ya bayyana tun 1894. A ɗaya ɓangaren, idan gorar mai haske ce kuma ta sha rana a bayan mota, sabon feroksid yana samuwa a cikinta. Ke nan abin da zai iso Garwa na iya raguwa, yana kuma iya ƙaruwa, ke kuma ba ki da hanyar sanin wanne ya faru. Ga zafin Maris da Afrilu da kan haura digiri 40, wanda ke gaggauta komai. Mu nan da muke ɗebo ruwa daga Shari da Logon, abin da ba ya zama, irin su kilorin da narkakkiyar iskar oksijin, a bakin ruwa muke auna shi, kuma feroksid ɗan wannan layin ne. Kwalba mai duhu, da tace ruwan da matatar maikiromita 0.2, da sanya shi cikin ƙanƙara, suna rage saurin lalacewar, amma ba sa tsayar da ita.

Dakta, Ngaundere:
Na yarda da duk abin da aka faɗa. Game da hanya, tun da na'urar auna haske kike da ita, shawarata ita ce DPD tare da feroksidas. Bader da Sturzenegger da Hoigné, masu bincike a Suwizalan, su ne suka wallafa ta a 1988, kuma don irin ruwanki aka tsara ta. DPD shi ne sinadarin da ma'aikatan ruwa ke auna kilorin da shi, wanda ke mayar da ruwa launin hoda. Shi kaɗai ba ya wani haɗuwa da feroksid, amma da zarar an ƙara enzim ɗin feroksidas, kowane mol na H2O2 zai sauya mol 2 na DPD zuwa wannan launin, wanda ake karantawa a zangon haske na nanomita 551.

Haɗin ba shi da wuya. A narkar da giram 0.1 na DPD a mililita 10 na ruwan asid ɗin sulfur mai rauni, a narkar da miligiram 10 na feroksidas a mililita 10 na tsabtataccen ruwa, a kuma haɗa ruwan fosfat mai riƙe pH a kan 6. Ki auna mililita 27 na samfuri, ki ƙara mililita 3 na fosfat, sannan maikirolita 50 na DPD, sannan maikirolita 50 na enzim, ki gauraya, ki karanta kafin minti guda ya cika, domin launin ba ya daɗewa.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Ƙarfin shan hasken wannan launin kimanin 21,000 ne ga kowane mol na feroksid a lita a santimita 1. Idan ruwan Lagdo yana da maikiromol 0.1, kubet ɗinki na santimita 1 zai ba ki 0.002, lambar da yatsa ɗaya a jikin gilashi zai iya haifarwa. Da kubet na santimita 10, ruwan nan zai ba da 0.02, wanda ana iya dogara da shi. Waɗanda suka tsara hanyar da dogon kubet suka sauka ƙasa da maikirogiram 1 a lita. Saboda haka ki buɗe murfin na'urarku ki duba ko mazaunin kubet zai karɓi na santimita 5 ko 10, domin wannan gilashin ya fi miki amfani a kan kowane sabon sinadari.

Tsohon malamin kimiyya, Marwa:
Dakta, hanyarka tana da kyau a ƙasar da firij ba ya hutawa. Yarinyar nan ta gaya mana halin wutarsu, kai kuma ka ɗora dukkan bincikenta a kan enzim da za a yi oda daga waje, ya kwana a tashar kaya, ya hau mota daga Ngaundere zuwa Garwa cikin zafi. Ni da za ta ji tawa, da ta bi hanyar ayodid. Feroksid yana mayar da ayodid zuwa ayodin, ɗan molibdat yana gaggauta aikin, ayodin ya haɗu da sauran ayodid ya ba da launin rawaya da ake karantawa a wajen nanomita 352, kuma ƙarfin shan haskensa kimanin 26,000 ne, wato ya ma ɗara na DPD ɗinka. Duk kayan haɗin gishirori ne busassu da za su shekara a kan kanta ba su lalace ba.

Dakta, Ngaundere:
Allah ya gafarta Malam, maganar ajiya gaskiya ce, kuma a tsabtataccen ruwan ɗakin gwaji ni ma ayodid nake zaɓa. A ruwan kogi ne nake da ja. Na farko, narkakken dattin tsirrai, wanda shi ne ke ba ruwan tafki ɗan launin shayi, yana shan haske sosai a nanomita 352, har abin da ruwan ke sha da kansa kan ninka abin da feroksid zai ƙara, alhali a 551 kusan ba ya shan komai. Na biyu, ayodid yana amsa wa duk wani mai ƙona sinadari, ko kilorin ne, ko nitirit, ko ƙarfe, har iskar da ke cikin kwalba tana mayar da shi rawaya a hankali, musamman a cikin haske. Na uku, shi wannan dattin tsirran yana haɗiye wani ɓangare na ayodin da aka samar. Idan abin da ake nema maikiromol 10 ne, duk waɗannan ƙananan abubuwa ne. Idan 0.1 ne, su ne za su zama amsar. Kubet ɗin roba na yau da kullum ma ba ya wuce da haske da kyau a wannan zangon.

Shi kuwa feroksidas, a busasshen garinsa yana da juriya fiye da yadda ake zato. Narkakken ne ke son sanyi da duhu, shi ya sa ake haɗa ɗan kaɗan wanda za a ƙarar cikin mako guda. Akwai kuma gwaji mai sauƙi na sanin ko ya mutu, a zuba masa feroksid da aka san yawansa kowace safiya, idan launin bai kai inda ya saba ba a zubar a haɗa sabo.

Matashin injiniya, Kusiri:
Ina neman izinin manya. Mu a aikin tsabtace ruwan masana'anta mun saba da hanyar titan, wadda ke ba da launin rawaya a wajen nanomita 400 zuwa 410. Ba ta bukatar enzim, launin yana daɗewa, kuma kusan feroksid kaɗai take amsa wa. Me zai hana ta zuba sinadarin a bakin tafki, ta kawo kwalbar Garwa ta karanta a natse?

Dakta, Ngaundere:
Tunanin zuba sinadari a bakin ruwa don a kama feroksid kafin ya gudu tunani ne mai kyau, ƙanena, kuma haka masu na'urar ƙyalli suke yi. Matsalar titan ita ce rauni. Ƙarfin shan haskensa bai kai 1,000 ba, wato ya gaza DPD fiye da ninki 20. Da kubet na santimita 1, da ƙyar za ka ga abin da ya gaza miligiram 0.2 a lita, ruwanta kuwa ya yi ƙasa da haka nesa. A aikinku, inda kuke zuba feroksid da hannunku har gomman miligiram, babu hanyar da ta fi ta. Ka kuma kiyaye idan aiki ya kai ka rijiyoyin burtsatse na yankin Mayo Tsanaga, inda aka san ruwan ƙasa da yawan fulorid, domin fulorid yana kama titan ya disashe launin.

Hajiya mai farmasi, Ngaundere:
Kowa yana cewa a kwatanta da feroksid da aka san yawansa, amma ba wanda ya ce daga ina za ta samo shi. Ɗiyata, idan niyyarki ki sayi ruwan oksijene na wanke ciwo a farmasi ki dogara da abin da aka rubuta a jikinsa, ki dakata. Wanda aka rubuta wa bolum 10 yana nufin lita ɗaya za ta saki lita 10 na iskar oksijin, wato kimanin kashi 3 cikin 100, giram 30 a lita, ko mol 0.88. Wannan ranar da aka cika kwalbar ke nan. Bayan ta yi watanni a shagon da babu sanyi, ko an buɗe ta sau da yawa, ba mai iya rantsewa a kan wannan lambar, kuma ana zuba masa sinadaran hana lalacewa da ba kullum ake bayyana su ba. Ko mai kashi 30 na ɗakin gwaji haka yake raguwa. Shi wannan kuma yana ƙona fata, sai da safar hannu da tabarau, kuma ba a juye shi cikin kwalbar da za a toshe ruf, domin iska na taruwa a ciki.

Tsohon malamin kimiyya, Marwa:
Madalla da Hajiya, ta dawo wa farmanganat da mutuncinsa. Nan ne wurin aikinsa. Ki tabbatar da ƙarfin farmanganat ɗinki da sodiyom oksalat, sannan ki auna ruwan oksijenen da shi bayan kin tsarma shi, tun da a nan feroksid yana da yawa kuma babu dattin da zai shiga tsakani. Idan na'urarki tana kaiwa nanomita 240 kuma kina da kubet na kwarz, kina iya tabbatarwa ta nan ma, lambar ƙarfin shan hasken feroksid da aka fi amfani da ita a nan 43.6 ce. Daga nan sai tsarmawa mataki-mataki, mililita 1 a lita ɗaya ya ba ki kimanin milimol 0.88, ki sake ɗaukar mililita 1 na wannan ki cika zuwa 100 ya ba ki maikiromol 8.8, daga shi ki haɗa ƙananan. Waɗannan raunanan ba a kwana da su, kullum sabo ake haɗawa.

Mai gonar kaji, Kusiri:
Ku gafarce ni, ni ba masani ba ne, amma maganar ta shafe ni. Ina wanke bututun ruwan kajina da feroksid, kuma da irin takardar nan nake dubawa ko ya kai ƙarshen layi, ko kuma ya fita bayan ɗauraya. Daga abin da na karanta a sama, ashe aikin banza nake yi?

Ma'aikacin ɗakin gwajin ruwa, Injamena:
Ko kaɗan, Alhaji. Kai abin da kake nema miligiram ne, daga ɗaya zuwa gommai, kuma don irin wannan aka yi takardar. Ka bi adadin da aka rubuta a jikin jarkar maganin, ka ɗebi ruwan daga ƙarshen layi, ka karanta launin a daidai daƙiƙun da aka ce, ka rufe gwangwanin nan take. Ka duba yadda aka ce a ajiye shi, domin wasu sai a firij. Abu guda, kada ka haɗa feroksid da javel, wato ruwan kilorin na wanki, a layi ɗaya, suna kashe juna, kuma javel ma yana sa takardar ta sauya launi.

In koma kan ƙanwata. Dakta ya ce launin DPD ba ya kai minti-minti, ni kuma na ce samfurin ba ya jure tafiya, to sai na'ura ta je bakin ruwa. Ga wata dabara. Saboda yaƙi da kwalara, ƙananan na'urorin auna kilorin masu batir sun yawaita a hannun ma'aikatan ruwa da tsabta a Kamaru da Cadi, kuma launin da suke karantawa shi ne dai launin hodar DPD, a wajen nanomita 530, wanda ya faɗa tsakanin ƙololuwarsa biyu na 510 da 551. Mol ɗaya na kilorin yana sauya mol 2 na DPD, daidai da feroksid. Saboda haka idan kika yi haɗin Dakta a kwalbar na'urar, ta nuna miki lamba da sunan kilorin, ki ninka ta da 34 bisa 71, wato 0.48, kin sami miligiram na feroksid. Iyakar ganin irin waɗannan na'urori wajen miligiram 0.02 na kilorin ne, wanda ya kama kimanin maikiromol 0.3 na feroksid. Ba zai ga ruwan asuba ba, amma yana iya ganin na azahar a saman ruwa, kuma zai ga ruwan sama ba tare da wahala ba, tun da shi yakan ɗauki maikiromol da dama har zuwa gommai. Kada dai ki dogara da 0.48 kaɗai, ki zana layin ma'auninki, wato zanen da ke nuna lambar da kowane adadin feroksid ke bayarwa a na'ura, da feroksid ɗin da kika tabbatar.

Matashin injiniya, Kusiri:
Idan samun enzim ɗin ne wahala, na san akwai feroksidas a cikin radish da kabeji da dankalin Hausa. Ba za a iya markaɗawa a tace a yi amfani da ruwan ba?

Dakta, Ngaundere:
Akwai shi, kuma don nuna wa 'yan makaranta yadda launi ke fitowa ya wadatar. Amma ɗanyen ruwan tsiro yana zuwa da katalas a ciki, wanda zai cinye feroksid ɗin kafin DPD ya gan shi, yana kuma zuwa da sinadaran da ke goge launin hodar. A matakin nanomol ba zan sa hannu a kan irin wannan sakamakon ba.

Tun da an ambaci katalas, bari in faɗi abin da a ganina ya fi zaɓen hanya muhimmanci, wanda har yanzu ba mu tsaya a kansa ba. Ko DPD ta bi, ko ayodid ɗin Malam, launin da ya fito ba hujja ba ne cewa feroksid ne ya fitar da shi. Hujjar ita ce samfurin shaida. Kowane ruwa da kika ɗebo, ki raba shi uku. Kashi na farko ki auna shi yadda yake. Kashi na biyu ki zuba masa ɗan katalas, ki ba shi 'yan mintoci ya rusa H2O2 zuwa ruwa da oksijin, sannan ki auna. Duk launin da ya saura a nan ba na feroksid ba ne, na ƙarfe ne ko kilorin ko laka ko kuma na sinadaran da kika zuba, kuma bambancin da ke tsakanin na farko da na biyu shi ne amsarki. Kashi na uku ki ƙara masa feroksid da kika san yawansa, misali maikiromol 0.5, ki ga ko zai dawo miki cikakke. Idan rabi ya dawo, ruwan da kansa yana cinye launin, kuma layin ma'aunin da kika zana da tsabtataccen ruwa ba zai yi aiki a Binuwai ba, sai ki riƙa zana shi a cikin ruwan kogin. Wannan zai fi tsananta da damina, a Agusta da Satumba, lokacin da kogin ke cike da laka.

Abubuwa biyu kuma. Ki karanta na'urar bayan kin zuba DPD amma kafin ki zuba feroksidas, domin abin da ya fito a wannan matakin na kilorin ne ko ƙarfe, ɗan sinadarin EDTA kuma yana taimakawa wajen ɗaure ƙarfen. Sannan kada ki ɗauka tsabtataccen ruwan ɗakin gwajinku ba shi da feroksid. Sau da yawa yana da shi, musamman idan ya zauna a haske, har yakan fi na tafkin, kuma mai sifilta na'ura da shi zai iya samun amsar da ta gaza sifili ya rasa dalili.

Tsohon malamin kimiyya, Marwa:
A nan babu saɓani tsakanina da Dakta, sai dai ya ƙara mata enzim na biyu da za ta yi oda. Idan katalas bai samu ba, ɗiyata, tafkin yana da nasa. Ki cika kwalba mai duhu da ruwan wurin ba tare da kin tace ba, ki ajiye ta a ɗaki kwana biyu, ƙwayoyin halittar ciki za su cinye feroksid ɗin, sai ki tace ki riƙe shi a matsayin shaida. Garin manganis dayoksid ma yana rusa shi, amma sai an tace shi sarai, domin ɗan abin da ya saura zai ba DPD launi. Kuma kada wani ya ba ki shawarar zuba azid don adana samfuri, yana kashe feroksidas ɗin da za ki yi awo da shi.

Dakta, Ngaundere:
Ruwan da aka kwantar yana aiki, Malam, amma ruwan shekaranjiya ne, ba na yau ba, kuma ƙarfensa da lakarsa na iya sauyawa. Ta yi amfani da shi kafin katalas ya iso, sannan ta kwatanta su biyun a rana ɗaya kafin ta amince da shi. Katalas ɗin ma kaɗan ake zubawa, kuma kada bututun da ya taɓa shi ya kusanci sauran kwalabe.

Ɗaliba, Garwa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na duba na'urarmu, mazauninta yana karɓar kubet na santimita 5, kuma zan nemi aron ƙaramar na'urar kilorin don Lagdo. Samfurin Binuwai kuwa zan iya kai shi ɗakin gwaji cikin mintoci a kwalba mai duhu cikin ƙanƙara. Zan yi odar feroksidas da katalas tare, kafin su iso kuma zan gwada ayodid ɗin Baba Malam a kan ruwan sama idan damina ta faɗi, da kuma gorunan da ake shanyawa a rana awa 6 don tsabtace ruwan sha. Tambayata ta ƙarshe, a wane lokaci na yini ya kamata in riƙa ɗiba, kuma daga wane zurfi?

Ma'aikacin ɗakin gwajin ruwa, Injamena:
Kada ki zaɓi lokaci ɗaya, ki bi yini guda daga farkonsa. Ki ɗiba bayan asuba kafin rana ta fito, sannan da hantsi, da azahar, da la'asar, da bayan magariba, duk a wuri ɗaya. Idan feroksid na gaske kike gani, zai kasance ƙasa da sassafe, ya hau har bayan azahar, ya sauka da dare, alhali samfurin katalas zai tsaya wuri guda. Idan layukan biyu suna hawa da sauka tare, wani abu dabam kike aunawa. Game da zurfi, ki ɗauki na saman ruwa, kamar tsawon tafin hannu ƙasa, da kuma na mita 1 ko 2, domin a ruwa mai laka hasken da ke wannan aikin ba ya nisa. Ki rubuta ko akwai hazo ko gajimare, da ko an yi ruwa a daren, tun da ruwan sama yana zuwa da nasa feroksid ɗin. Da santimita 5, maikiromol 0.1 zai ba ki wajen 0.01, saboda haka ki yi kowane awo sau uku da kubet guda, kina sanya shi ta fuska ɗaya. Idan kin gama yinin farko, ki turo mana lambobin da na'ura ta nuna na kashi ukun nan yadda suke, kafin ki yi musu wani lissafi, tare da lokacin ɗiba da lokacin karantawa na kowanne.